DARASI: GUZURIN TSUFA A MA'AUNIN SHARI'A

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa da hikimarsa, ya sanya ƙarfi bayan rauni, sa'an nan ya mayar da rauni da furfura bayan ƙarfi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, abin da ya sa muka zaɓi wannan darasi shi ne wani dattijo daga cikin masu sahun gaba a masallacinmu. Ya yi aikin ofis shekaru masu yawa, ya bar aiki da mutuncinsa, aka ba shi kuɗinsa na sallama a dunƙule. Wani saurayi mai daɗin baki ya zo masa da magana cewa ya ba shi kuɗin ya juya, shi kuma zai riƙa kawo masa jika 50 kowane ƙarshen wata, uwar kuɗi tana nan ba abin da zai taɓa ta. Wata huɗu yana kawowa. A na biyar wayarsa ta daina shiga. Babu takarda, babu shaida, kuma da aka bincika sai aka tarar abin da yake kawowa daga cikin kuɗin dattijon yake yankowa. Da dattijon ya same mu bayan sallar isha'i, bai tambaye mu yadda zai kama yaron ba. Tambayarsa ita ce: "Malam, ko kuwa ni ne na yi laifi tun farko da na nemi tanadi, ban dogara ga Allah ba?"

Wannan tambaya tana cikin zukatan mutane da yawa, saboda haka muka ga ya wajaba mu amsa ta a fili, mu kuma bi ta da hukunce-hukuncen da suka rataya da ita bisa mazhabar Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama.

FASALI NA ƊAYA: TANADI BA YA WARWARE TAWAKKALI

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya yi mana dace da kai, cewa tawakkali aiki ne na zuciya, riƙon sababi kuwa aiki ne na gaɓɓai, kuma shari'a ta neme su duka biyu. A cikin Suratu Yusuf, daga aya ta 47 zuwa ta 49, Allah ya ba mu labarin shawarar da Annabi Yusufu (A.S.) ya bai wa mutanen Masar: su yi noma shekara bakwai a jere, su bar hatsin a cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci, domin shekaru bakwai masu tsanani da za su biyo baya. Manomin ƙasarmu ya san hikimar wannan, domin geron da aka zuba a rumbu da damminsa ya fi jimirin ƙwari a kan wanda aka sussuke. Rayuwar ɗan Adam ma haka take. Shekarun ƙarfi su ne na yalwa, shekarun tsufa su ne masu cinye abin da aka gabatar dominsu.

Ya inganta daga Sayyidina Umar (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda daga amfanin dabinon Banu Nadir. Haka kuma, lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.) ya yi ciwo mai tsanani, ya so ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, Annabi ya tsayar da shi a kan sulusi, ya nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna miƙa hannu ga mutane. Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) kuma, da ya isa Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa Ba'ansare ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Babu wanda ya kai waɗannan tawakkali a cikinmu.

Abin zargi shi ne tara dukiyar da ba a fitar mata da haƙƙin Allah, da rowar da ke hana iyali abin da ya wajaba, da jingina zuciya ga abin da ke cikin akwati har mutum ya manta da wanda ya ba shi. Saboda haka muka ce wa dattijon nan: niyyarka ta kare mutuncinka daga roƙo ibada ce, kuskuren yana cikin irin yarjejeniyar da ka shiga, kuma za mu zo kanta.

Dalilin da ya ƙara wa wannan magana nauyi a wurinmu shi ne, masu fansho kaɗan ne a cikin jama'a. Ma'aikacin gwamnati yana da asusun ritaya na ƙasa, ma'aikacin kamfani yana da CNSS idan mai aikin ya rubuta sunansa yana kuma zuba masa. Amma manomi, da makiyayi, da mahauci, da tela, da ɗan kabu-kabu, da mai tebur a kasuwa, da mai sayar da ƙosai, da mu limamai da malaman makarantun allo, ranar da jiki ya ƙi, ranar ce abin shiga ya tsaya. Shi ma mai fanshon ya sani cewa abin da zai riƙa karɓa bai kai albashinsa ba, alhali kuɗin magani ƙaruwa yake yi da shekaru.

FASALI NA BIYU: ABIN DA ƘASARMU TA GANI DA IDONTA

Iyayenmu sun ba mu labarin farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, yadda mai garke ya kwana attajiri ya wayi gari da sanda kaɗai a hannunsa. A cikin watan Afrilu na 1984 ɗin nan ne gwamnatin Najeriya ta canza launin takardun naira ta kuma rufe iyakoki, ƴan kasuwa da dama na Maraɗi da Ƙonni da Damagaram suka zauna da tsofaffin takardun da ba su sami hanyar canzawa ba. A 1990 aka rushe bankin raya ƙasa na BDRN. A ranar 12 ga Janairu 1994, muna ɗalibai a madarasa, aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake saye a sefa 50 ya koma 100, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabi, mai ajiyar takardar kuɗi ya ga abin da ya tara ya ragu a hannunsa ba tare da ɓarawo ya shiga ɗakinsa ba. A cikin shekarun 1990 ma'aikata sun yi watanni suna jiran albashi. An yi yunwar 2005. Najeriya ta sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka ɗora wa ƙasa takunkumi har zuwa Fabrairu 2024, mutane suka yi ta layi a bakin bankuna domin a ba su kaɗan daga cikin kuɗinsu.

Wanda ya dubi waɗannan da idon basira zai ga cewa kowace irin dukiya tana da annobarta. Fari yana cin dabba da gona, amma ba ya cin zinariya. Karyewar kuɗi tana cin takarda, amma ba ta cin rumbu. Rufe iyaka yana kashe fatauci, amma ba ya hana gidan haya kawo kuɗinsa. Gobarar kasuwa tana cin hajar shago, ta bar akuyar da ke ƙauye. Hankali kuwa shi ne mutum ya rarraba ɗan abin da Allah ya hore masa ta fuskoki biyu ko uku waɗanda masifa ɗaya ba ta haɗa su a lokaci guda. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

FASALI NA UKU: HANYOYIN HALAL NA JUYA DUKIYA

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi umurni a riƙa yin kasuwanci da dukiyar marayu domin kada zakka ta cinye ta. Lissafi yana gaskata wannan. Wanda ya ajiye miliyan 10 bai juya ba, yana fitar da zakkarta kowace shekara muddin ba ta sauka ƙasa da nisabi ba, bayan shekara 10 abin da zai rage masa bai wuce miliyan 7 da jika 763 da ƴan kai ba, ban da abin da tsadar kaya ta rage wa kuɗin na daraja. Shari'a tana tura dukiya ta fita ta yi aiki, mutane su amfana.

Hanya ta farko ita ce ƙiradi, wanda wasu malamai ke kira mudaraba. Mai kuɗi ya ba da jari tsaba, sananne, ga mai aiki amintacce, su yi sharaɗin raba ribar da za a samu da wani kaso sananne, kamar rabi da rabi, ko sulusi da sulusi biyu. Misali: ka ba da jika 500, aka juya, aka sami ribar jika 120, kun yi a kan rabi, kowa ya ɗauki jika 60, jarinka ya komo maka. Idan aka yi hasara ba tare da sakaci ko ƙetare sharaɗi ba, kai ka yi hasarar kuɗi, shi ya yi hasarar wahalarsa. Abubuwa biyu suna ɓata ƙiradi: a yanka wa mai kuɗi adadi tsayayye kowane wata, ko a ɗora wa mai aiki lamunin uwar kuɗi ko da ƙaddara ce ta faɗa mata. Waɗannan biyun su ne aka haɗa wa dattijonmu. Duk wanda ya ce maka jarinka ba ya raguwa kuma ribarka ba ta canzawa, to, rance ne mai jawo amfani ya kira shi da sunan kasuwanci, ko kuma yaudara ce tsantsa.

Hanya ta biyu ita ce kiwo. Jar akuyar Maraɗi ta shahara da yawan haihuwa da kyawun fata, saniyar Azawak da nono, ragon balami da girma. Turka rago watanni kaɗan kafin layya sana'a ce da tsoho da tsohuwa za su iya a cikin gida, idan sun tanadi harawa da dusa tun da kaka suna da araha. Game da ba da kiyo, a lura: ɗaukar mai kiwo a kan cewa ladansa shi ne rabin abin da dabba za ta haifa, malamanmu sun ga jahilci a cikin ladan, domin ba a san za ta haifa ko ba za ta haifa ba. Mafita ita ce a yanka masa lada sananne, ko a sayar masa da wani kaso na dabbar su zama abokan tarayya. Amma wanda ya ba talaka akuya aro don Allah ya sha nononta ya riƙe ƴaƴanta, kamar yadda Fulani ke yi a habbanaye, wannan alheri ne da sadaka mai lada.

Hanya ta uku ita ce gona, da garka, da gidan haya. Waɗannan su suka fi dacewa da mai shekaru, domin amfaninsu yana zuwa a hankali, kuma ba su bukatar zirga-zirga. Ɗaki biyu ko shago ɗaya da mutum ya gina a jikin gidansa yana da ƙarfi, sun fi masa gida babba da zai fara ya kasa rufawa. Itacen mangwaro ko lemo ko zogale da aka dasa ana da shekara 45 zai ciyar da mai shi yana da 65, wanda kuma ya ci daga gare shi, mutum ko tsuntsu, sadaka ce.

Hanya ta huɗu ita ce sayen amfanin gona da kaka, kamar wake da riɗi da aya da gero, a sayar lokacin da suka yi daraja. Mazhabarmu ta halatta wannan muddin sayen bai ƙuntata wa kasuwa ba. Idan kuwa yunwa ta shigo, mutane suna neman abinci, ɓoye shi domin jiran ƙarin tsada ihtikari ne abin hani. Ya halatta kuma a yi salam: ka biya manomi kuɗi a hannu da damina a kan buhu kaza na irin hatsi kaza, ya kawo maka a wata kaza. Sai dai a ji tsoron Allah wajen yanka farashi, kada a mai da matsuwar ɗan'uwa abin farauta. Kuma abincin da ka saya ba ka sayar da shi sai ka karɓe shi.

Adashi halal ne a wurin mafi yawan malamai, domin kowa abin da ya zuba shi yake kwasa, babu daɗi babu ragi. Yana taimakon mai ƙaramin ƙarfi ya haɗa abin sayen akuya ko kwanon rufi. Sharaɗinsa uwar adashi amintacciya da littafi da ake rubutawa.

Ga wanda yake hulɗa da banki, akwai Bankin Musulunci na Nijar, kuma babban bankin BCEAO ya fitar da ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci a 2018. Ƙasar Senegal ta fitar da sukuk a 2014, wato takardun hannun jari a kan kadara maimakon rance mai ruwa. Akwai kuma kasuwar hannun jari ta ƙasashen sefa da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 1998. Hukuncin hannun jari yana bin aikin kamfanin: wanda asalin aikinsa rance da ruwa ne, ko giya, ko caca, ba a shiga, wanda aikinsa halal ne, a tambayi masana halin bashinsa kafin a saya. Suna kaɗai ba ya halatta ciniki. A karanta yarjejeniya, a kai wa malami ya duba.

FASALI NA HUƊU: KUƊIN RUWA DA GARARI

A harshenmu kalmar riba tana nufin abin da ɗan kasuwa ya samu a kan jarinsa, wannan kuwa halal ne. Abin da Alƙur'ani ya kira riba a ƙarshen Suratul Baƙara, ya kuma yi shelar yaƙi a kan mai ci, shi ne wanda muke kira kuɗin ruwa: ƙarin da aka sharɗanta a kan rance ko a kan jinkirin biya. Kada a yi zaton banki kaɗai yake. Wanda ya ba manomi tiya 10 ta gero a watan bakwai a kan ya biya 20 da kaka, ya ci riba. Wanda ya karɓi jinginar gona a kan bashi, yana nomawa yana cinye amfanin shekara da shekaru, bashin yana nan bai ragu ba, rancensa ya jawo masa amfani. Tsufan da aka gina a kan wannan ba shi da albarka, ko da rumbuna sun cika.

Garari kuwa shi ne cinikin da ba a san ƙarshensa ba. A zamaninmu ya shigo ta wayar hannu: a ce ka zuba kaza, bayan kwana 30 ya ninka, ka kawo mutum biyu a ƙara maka. Irin wannan ya cinye kuɗin jama'a masu yawa a Najeriya a ƙarshen 2016, kuma yana komowa da sabon suna duk bayan ƴan shekaru. Tambaya ɗaya ta isa ta tona shi: wace haja ake saye, a wace kasuwa ake sayarwa? Idan babu amsa, kuɗin na baya ake bai wa na gaba, ranar da masu shiga suka ƙare, ranar ce mai shi zai ɓace. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Cacar ƙwallo da matasa suka ruɗu da ita ita ma maisir ce, babu saɓani.

FASALI NA BIYAR: ZAKKAR ABIN DA AKA TANADA

Nisabin zinariya dinari 20 ne, kimanin giram 85. Na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595. Abin fitarwa rubu'in ushuri ne, wato 2.5 cikin 100, jika 25 a kowace miliyan, idan shekara ta kewayo. Malaman zamani sun saɓa game da takardar kuɗi: wasu sun auna ta da zinariya, wasu da azurfa domin ya fi amfani ga talakawa. Mutum ya tambayi farashin giram a ranar da shekararsa ta cika, ya lissafa.

Mazhabarmu ta raba ƴan kasuwa biyu. Mudiri shi ne mai shago wanda kaya ke shiga suna fita kullum: ya sanya wata ɗaya a shekara ya ƙiyasta hajarsa da farashin ranar, ya haɗa da tsabar kuɗi da basussukan da yake sa ran a biya shi, ya fitar. Muhtakiri shi ne wanda ya sayi haja ko fili da niyyar ciniki yana jiran kasuwa: ba ya fitarwa sai ya sayar, sa'an nan ya ba da zakkar shekara ɗaya ko da hajar ta yi shekaru a hannunsa.

Gidan haya babu zakka a kan gininsa. Tana kan kuɗin hayar idan sun kai nisabi, su kaɗai ko haɗe da wasu, kuma suka shekara a hannu. Abin da ake yankewa a albashi domin fansho babu zakka a kansa kafin ya shigo hannu; idan an karɓa a dunƙule, a fara ƙidayar shekara daga ranar. Kayan adon da mace ke sawa babu zakka a kansu, amma zinariyar da aka saya aka ɓoye domin wata rana, a fitar mata.

Hatsi nisabinsa wasƙi 5 ne, kimanin kilo 653, wato kusan buhu 6 da rabi na kilo 100. Wanda ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin 10. Wanda aka shayar da wahala ko inji, ɗaya cikin 20. Albasa da kayan garka babu zakka a jikinsu, sai a kan kuɗinsu idan sun kai nisabi sun shekara. Awaki da tumaki ana haɗa su: daga 40 zuwa 120 ɗaya, daga 121 zuwa 200 biyu. Shanu daga 30, raƙuma daga 5. A wurin Malik babu bambanci tsakanin masu kiwon daji da na turke. Bashi yana kayar da zakkar tsabar kuɗi idan mutum ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa, amma ba ya kayar da ta hatsi da dabbobi.

Dabarar gudun zakka, kamar raba garke ko sauya shi dab da cikar shekara, an hana ta a cikin takardar zakka da Sayyidina Abubakar (R.A.) ya rubuta, kuma a mazhabarmu ana karɓar zakkar daga mai wannan dabara.

FASALI NA SHIDA: HARAJI DA TAKARDU

Ana yawan tambayarmu ko lanho da fatanti da kuɗin duwan suna tsayawa a madadin zakka. Amsar jamhurin malamai ita ce ba su tsayawa, domin zakka ibada ce mai niyya, mai adadi, kuma Allah da kansa ya ambaci mutane takwas da ake bai wa ita a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Haraji kuwa hukuma ke ɗora shi domin maslahar jama'a, irin su hanya da asibiti da tsaro. Ya halatta mutum ya san doka, ya nemi duk sauƙin da ta ba shi, ya kai kuka idan an ɗora masa fiye da abin da yake kansa. Bai halatta ya yi ƙarya a takarda ko ya ba da cin hanci domin a rage masa ba. Ita ma hukuma amana ce a wuyanta ta yi adalci wajen ɗorawa, ta kashe a inda ya dace.

Mai gidan haya da mai shago su ware kuɗin haraji tun da wuri, su biya a kan lokaci domin gudun tara, su adana takardar shaidar biya. Mun ga magadan da suka gaji gida tare da harajin shekaru da mahaifinsu ya bari.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka neman takarda daga ɗan'uwa bin umurnin Allah ne, kada kunya ta hana. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi hukumomin filaye da ake kira COFO, har zuwa matakin ƙauye, masu ba da takardar shaidar saye ko gado ko aro ko jinginar gona. Filin birni kuma a nemi takardarsa, a tabbatar ba a sayar wa wani ba. Ma'aikacin kamfani ya je da kansa ya duba ko ana zuba masa a CNSS tun yana bakin aiki, kada ya bari sai ranar sallama.

FASALI NA BAKWAI: KYAUTA, WASIYYA DA HAƘƘIN IYAYE

Wasu dattawa suna rabar da dukan abin da suka mallaka ga ƴaƴansu tun suna da rai, daga baya su koma suna jiran a sammusu. Muna ba da shawara mutum ya riƙe abin da zai ci da shi har ƙarshen kwanansa. Idan zai yi kyauta, ya daidaita tsakanin ƴaƴa, domin Annabi (S.A.W.) ya ƙi yin shaida a kan kyautar da Bashir ya keɓe ɗansa Nu'umanu da ita. A sani kuma, kyauta ba ta cika sai wanda aka bai wa ya karɓe ta kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Wanda ya ce ya ba da gidan da yake ciki amma bai fita ba har ya mutu, gidan ya koma gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran. Dukiyar mace tata ce, akuyarta da adashinta da gadonta, miji ba ya taɓawa sai da daɗin ranta, domin ita ma tana da tsufan da ke jiranta. Wanda ya riga ya sauke faralin hajji, ciyar da iyalinsa da biyan bashinsa suna gaba da komawa nafila.

Ku kuma ƴaƴa, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan mai hali daga cikinku, namiji ko mace, gwargwadon wadatarsa, alƙali yana tilasta shi a kai. Al'umma ma tana da nata kaso. Alƙali Abu Yusuf ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ga ba a yi masa adalci ba idan aka amfana da ƙuruciyarsa aka yar da shi da tsufansa, sai ya yanka masa abinci daga baitulmali. Ya kamata kwamitin kowane masallaci ya san tsofaffin unguwarsa waɗanda kunya ta hana su roƙo, a kai musu zakka har gida cikin sutura.

Dattijonmu kuwa, jama'ar masallaci sun haɗa masa abin da ya sayi tumaki biyu, ɗansa ya gyara masa ɗakin zaure ya sa haya. Abin da ya tafi bai komo ba, amma yana cin abincinsa bai roƙi kowa ba, kuma shi ne ya nemi mu rubuta wannan darasi domin na baya.

Saboda haka, ya kai mai shekara 30 ko 40, fara yau da abin da ya sauƙaƙa, ko da dala 100 ce a rana. Da sanyin safiya ake kama fara. Ka tsarkake hanyar samunka, ka rubuta abin da kake bi da wanda ake binka, ka sanya ranar zakkarka, ka sanar da wani amintacce daga iyalinka inda takardunka suke. Kuma kada guzurin shekara 20 ya shagaltar da kai daga guzurin gidan da ba a fita: sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa. Ya Allah ka wadatar da mu da halal ɗinka, ka tsare mu daga haram, ka sanya mafi yalwar arzikinmu a lokacin tsufanmu, ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, ka ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiya, ka sa mu cika da imani. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.